Rasit na aringizo da sunan kamfanina: in rubuta, ko in haƙura da kwangilar?

"Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin kamfani mai ma'aikata huɗu, muna tsara wa 'yan takara kamfe: ƙuri'ar jin ra'ayi, rubuta saƙonni, talla a rediyo da intanet. Wata uku ke nan muna yi wa wani mai neman tikitin jam'iyyarmu aiki, saura mako shida a yi zaɓen fid da gwani. Na hannun damansa ya ja ni gefe ya ce a kan kowace 10 da aikinmu ya ci in rubuta rasit na 25, a turo min duka ta banki, in cire 15 tsaba in miƙa masa don a sallami daliget, ni kuma a ba ni kamasho. Ya ce kowa haka yake yi. Ina bin su kuɗin wata biyu, albashin watan jiya ma ban biya yarana ba. Ana cikin haka, mutanen abokin karawarsa suka aiko cewa za su ba ni ninki biyu in zan riƙa ba su shawara a ɓoye, in haɗa musu da lambobin wayar daliget da muka tattara. Ina ƙaunar jam'iyyar, ba na son rasa kwangilar, ba na kuma son zubar da mutuncina. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka rubuta wannan rasit, kada kuma ka miƙa wa kowa lambobin nan. Na fara da nan ne don kada ka yi ta karatu kana jiran wata hanya ta tsakiya, domin babu ita. Matsin da kake ciki ba ƙarami ba ne, kuma wanda mutum huɗu ke kallon hannunsa a ƙarshen wata ba wa'azi yake buƙata ba. Zan fi tsayawa a kan yadda za ka ƙi, ka karɓi haƙƙinka, kamfanin kuma ya rayu.

Mu zauna mu yi lissafin. Aikin 10 ne, ka rubuta 25. A cikin 10 ɗin nan mu ɗauka 7 ta tafi wajen gidajen rediyo, maɗaba'a, masu zagayen tambayoyi da albashi, ribarka 3. Littafin kamfaninka kuwa zai nuna 25 ta shigo, 7 ta fita, riba 18. Hukumar haraji ba ruwanta da abin da aka raɗa maka a gefe, 18 za ta gani, a kanta za ta yanka maka. Ko dai ka biya haraji a kan 15 da ko kwana ba ta yi a hannunka ba, wanda zai iya lashe kamashon gaba ɗaya, ko ka nemo wasu rasitan bogi daga wasu mutane ka cike ramin. Ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu ke nan, ta kuma jawo akantanka da duk wanda ya ara maka takardarsa. Ga kuma banki. Kuɗi mai kauri ya shigo daga asusun ɗan siyasa, kafin kwana biyu an cire kashi 60 cikin ɗari tsaba: irin wannan motsi aka horar da ma'aikatan banki su lura da shi su kai rahoto, kuma ba za su gaya maka sun kai ba. In ka ce za ka riƙa cirewa kaɗan-kaɗan don kada a farga, to wannan gutsuttsurawar ita ma tana cikin alamun da suke nema.

Sai ka tambayi kanka, a duk wannan shiri sunan wa ke kan takarda? Mutumin da ya ja ka gefe da baki ya yi magana, da hannu zai karɓa, ba zai sa hannu ko'ina ba. Ɗan takara zai ce shi aiki ya biya, ga rasit. Daliget ambulan ya karɓa, babu suna a jiki. Kai kaɗai ne mai hatimi, mai sa hannu, mai lambar asusu, kai ne kamarar banki ta ɗauka ranar cirewa. Ba ƙwarewarka ce ta sa aka zaɓe ka a wannan ba. Kamfaninka yana da rajista, shawara kuma ba ta da ma'auni. Ana iya ƙirga kujerun da aka ɗauko haya ko fostocin da aka buga, amma ba mai iya cewa shawarar mako guda ta kai kaza ko ba ta kai ba. Shi ya sa rasit ɗin masu ba da shawara ya zama ƙofar da aka fi so wajen fitar da kuɗi. Laifi uku ne a dunƙule: takardar ƙarya, ɓoye inda kuɗin kamfe ya tafi, da zama ɗan aiken cin hanci.

Abin ba a ƙasa ɗaya ake yinsa ba. A zaɓen shugaban ƙasar Faransa na 2012, doka ta ƙayyade wa wanda ya kai zagaye na biyu Yuro miliyan 22.5, kamfen ɗin Nicolas Sarkozy ya kashe kusan ninki biyu. Yadda aka ɓoye rarar shi ne, kamfanin Bygmalion mai shirya masa gangami ya riƙa rubuta wa jam'iyyarsa ta UMP rasitan jabu da sunan tarukanta, maimakon ya rubuta wa kamfen ainihin abin da gangamin ya ci. Asiri ya tonu a 2014, kotu ta yanke hukunci a watan Satumban 2021. Ka lura da yadda aka raba laifin. Sarkozy an same shi da wuce iyakar kashe kuɗi, aka yanke masa shekara ɗaya. Shugabannin kamfanin da jami'an da takardun suka bi ta hannunsu kuwa, da zamba da amfani da takardun jabu aka kama su, wasunsu hukuncinsu ya fi nasa tsawo. Shekara tara bayan zaɓe, rasitan suna nan suna jiran masu su.

Maganar "kowa haka yake yi" akwai gaskiya a cikinta, da yawa suna yi kuma ba a kama su ba. Amma ka duba ta inda irin wannan asiri ke tonuwa. Ba kasafai jami'in bincike ke tono shi da kansa ba, daga cikin gida yake fitowa: wanda ya faɗi ya garzaya kotu, daliget ɗin da aka ba rabin abin da aka ba na kusa da shi, direba ko sakataren da aka kora, ɓangaren jam'iyya da ya karɓe shugabanci ya buɗe tsofaffin fayil. Waɗanda ke cewa za su tsaya maka yau, bayan shekara biyu wataƙila suna wata jam'iyyar, bayanan banki kuwa ba sa sauya sheƙa. Tun kafin a kai ga kotu ma akwai abin da ya fi kusa. Ranar da ka rubuta na farko ka miƙa wa mutumin nan linzaminka. Gobe in ya ce ka rubuta 40, ko ka buɗe shafukan bogi a yi wa wani ƙazafi, ba ka da bakin cewa a'a, kuɗin da kake bi ma ba za ka iya ɗaga murya a kansu ba. Kamfanin hulɗa da jama'a na Bell Pottinger da ke Landan ya fi naka girma nesa ba kusa ba, amma kamfen ɗin rura wutar launin fata da ya yi wa attajiran iyalin Gupta a Afirka ta Kudu ya sa ƙungiyar masu sana'ar ta kore shi a watan Satumban 2017, a watan kuma ya durƙushe.

Akwai abin da wasiƙarka ba ta tabbatar ba: shin ɗan takarar ya sani? Sau da yawa na kusa da uban gida kan shirya irin wannan don kansa, a ce na daliget ne, rabi ya tsaya a aljihunsa. Don haka ka nemi ganin ɗan takarar da kansa cikin kwana biyu zuwa uku. Kada ka tafi da zargi, kada ka yi barazana, ka tafi da ƙa'idar kamfaninka. Magana kamar haka ta isa: "Yallaɓai, kamfanina ba ya rubuta rasit sai na aikin da ya yi, ba ya kuma cire tsaba ya miƙa. Akanta da banki suna bin kowane shigi da fici. Wannan kariya ce gare ni, kariya ce gare ka, don in wani ya kai ƙara takardata za a fara nema, daga ita sai taka." In bai sani ba, ka cece shi daga ɓarawon gida. In ya sani, ka bar masa hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya ba. Shi ma na hannun daman ka faɗa masa haka da bakinka kafin ka shiga wajen maigidansa, don kada ya ji ka zagaye shi.

A ranar ka rubuta wa kanka abin da ya faru: kwanan wata, wuri, wa ya ce me. Ka aika wa ofishin kamfe saƙon imel mai ɗauke da ainihin aikin da ainihin kuɗinsa, ba tare da ambaton maganar aringizo ba. Kada ka naɗi muryar kowa a ɓoye sai ka tambayi lauya, dokokin ƙasashe sun bambanta a kan wannan. Lauyan ya zama naka, ba na jam'iyya ko na ɗan takara ba, domin ranar da buƙatunku suka saɓa, nasu zai kare su ne. Shi ne kuma zai duba maka ko doka ta ɗora maka kai rahoto, da inda za a kai. Kwafin takardunka ka ajiye shi a wani wuri ban da ofis.

Kada ka tafi da "a'a" kawai, ka tafi da abin da ya fi ambulan amfani. Kuɗin da aka raba wa daliget ba ya sayen tabbaci: wanda ya karɓa daga gare ku ya karɓa daga wancan, a akwatin sirri kuma ba mai ganin hannunsa. Abin da ɗan takara ya fi buƙata shi ne ƙidaya ta gaskiya, kuma wannan sana'arka ce. Ka samo jerin daliget na hukuma daga jam'iyya, ka riƙa duba shi duk mako, don ta wajen sauya sunaye a daren ƙarshe ake yawan kayar da mutum. Ka kasa su uku: namu, masu tangaɗi, na wancan. Kada ka sa mutum cikin namu sai majiya biyu da ba su san juna ba sun tabbatar, ko da hakan ma ka zabge kashi ɗaya cikin biyar kafin ka kai wa maigida lissafi, don mutane ba sa son ce wa mai nema a'a a gabansa. Lokacin ɗan takara ya tafi kan masu tangaɗi: kowanne ya ji muryarsa a waya, ya samu ziyarar wanda yake jin nauyinsa, ya samu amsa a kan abin da ke damun mazaɓarsa. A horar da wakilan da za su tsaya wajen tantancewa da ƙirga ƙuri'a. In dokar ƙasa da ta jam'iyya sun yarda a ɗauki nauyin mota da masaukin masu zuwa taro, a biya mai mota da otal kai tsaye, a yi wa kowa daidai, a rubuta a littafin kamfe. Da zarar abin da za a ba mutum ya rataya a kan inda zai jefa ƙuri'arsa, ya zama saye, ko da wane suna aka kira shi.

Yanzu kuɗinka. Ƙarfinka a wannan mako shida yake, don bayan zaɓe kwamitin kamfe watsewa yake yi, wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ya tara sababbin masu jira. Ka rubuta rasit na gaskiya na wata biyun, ka haɗa da shaida: rahoton ƙuri'ar jin ra'ayi, takardar gidan rediyo mai nuna ranaku da lokutan da aka sa talla, rasitan maɗaba'a. Ka ba su kwana bakwai a rubuce, ka ce bayan nan aiki zai tsaya. Daga yau kada ka ƙara sa kuɗin aljihunka a tallarsu, su biya gidan rediyo da kansu ko su turo kafin a sa. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ka taɓa cewa "ku biya ni ko in tona". Wannan shi ma laifi ne, kuma zai mayar da kai mai ƙwace bayan kai ne mai gaskiya.

Wannan rikici ya samo asali ne daga yarjejeniyar baki, don haka ko da wannan ɗan takarar ko da na gaba, sai da takarda. Ta faɗi wa ke ɗaukarka, ɗan takara ne, kwamitinsa ne ko jam'iyya, don shi za ka bi bashi. Ta ƙirga aikin da adadi: ƙuri'ar jin ra'ayi nawa, mutum nawa za a tambaya a kowace, talla nawa, na daƙiƙa nawa. Ta raba ladanka daban da kuɗin da zai bi ta hannunka zuwa wasu. Biya ya zo kashi-kashi, misali kashi 40 cikin ɗari kafin alƙalami, 30 a tsakiya, 20 saura mako biyu, yadda ranar zaɓe abin da kake bi bai wuce kashi 10 ba. A harkar talla an saba kamfani ya samu la'adar kashi 15 cikin ɗari na lokacin da ya saya; in kana karɓa ka bayyana a rubuce, domin ita ce ke sa mai shawara ya ce a ƙara talla ko da ba ita ake buƙata ba. Alkawarin muƙami ko kwangilar gwamnati in an ci zaɓe kada ya shiga lissafinka, bashi ne da za a biya da dukiyar jama'a. A sa sharaɗin cewa kana iya janyewa nan take in aka nemi ka karya doka, a biya ka abin da ka riga ka yi.

Wurin da masu gaskiya ma ke faɗawa shi ne inda kuɗin ya fito. Za a ce maka "wane zai turo maka", sai ka ga kuɗi daga kamfanin wani ɗan kwangila da ba ka taɓa yi wa aiki ba. Aikinka na gaske ne, amma biyan ya zama gudunmawar da aka ɓoye. A 2018 hukumar zaɓen Birtaniya ta ci tarar ƙungiyar Vote Leave, mai kamfen ɗin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, fam 61,000 kan laifuka da dama, babba a ciki shi ne sama da fam 675,000 da aka biya kamfanin tallar intanet na AggregateIQ da sunan wata ƙaramar ƙungiya, BeLeave, abin da ya kai Vote Leave ta wuce iyakar kashe kuɗi ta fam miliyan 7. A Najeriya dokar zaɓe ta 2022 ta sa Naira miliyan 50 a matsayin iyakar gudunmawar mutum ɗaya ga ɗan takara, dokar hana halasta kuɗin haram ta wannan shekarar kuma ta hana mutum biya ko karɓar tsaba sama da miliyan 5, kamfani sama da miliyan 10, sai ta banki. Majalisu kan sauya irin waɗannan alƙaluma, ka sa lauyanka ya buɗe maka waɗanda ke aiki a ƙasarka yau. Kai dai ka karɓa daga asusun wanda sunansa ke kan yarjejeniya kawai. Ka kuma san waɗanda kake ba ƙaramin aiki a ƙarƙashinka. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka, an soke zaɓen ɗan majalisar wakilai na 2018 duk da ɗan takara Mark Harris na gaba da ƙuri'a 905, saboda abin da wani da aka ɗauka ta hannun kamfanin shawara na kamfen ya aikata da ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya.

Tayin abokin karawa ba ya buƙatar dogon bayani. Cin amana ne, kuma wanda ya saye ka a ɓoye ya san farashinka, ba zai taɓa ba ka sirrinsa ba. Lambobin ba naka ba ne. Da kuɗin wani aka tattara su, masu su kuma don wani dalili suka bayar. Cambridge Analytica, mai ba 'yan siyasa shawara a kan kamfe, ta rufe a watan Mayun 2018 bayan an gano bayanan mutum har miliyan 87 na Facebook sun shiga hannunta ba da yardar yawancinsu ba, shi kansa Facebook an ci shi tarar dala biliyan 5 a 2019. Ka ba su amsa a taƙaice cewa kana da wanda kake yi wa aiki a wannan takara. Ko ka raba gari da ɗan takararka, kada ka koma wajen abokin karawarsa a wannan zagayen, abin da ka sani yana kanka ko ba ka ɗauki fayil ba. Ka mayar da bayanan ga mai su, ka goge naka, ka karɓi shaida a rubuce. Ƙaunar jam'iyya da ka ambata ma nan take kaiwa: jam'iyyar da ake sayen tikitinta mai kuɗi take tsayarwa, shi kuma da niyyar mayar da kuɗinsa zai hau.

Mai yiwuwa ne ka rasa wannan kwangila, ba zan ɓoye maka ba. Saboda haka ka tara ma'aikatanka a wannan makon ka faɗa musu halin da ake ciki ba tare da kama suna ba, ka ba su ranar da za ka biya, ka kuma fara da albashinsu daga duk abin da ya shigo, ko rabi ne. Ka gargaɗe su kada wani ya karɓi saƙo ko ambulan da sunan kamfani, don wanda ya kasa samunka zai iya bi ta kan ƙaraminsu. Aikin da kuke yi, auna ra'ayin jama'a da tsara saƙo, 'yan kasuwa, makarantu da ƙungiyoyi ma suna biyan kuɗinsa, kuma ba sa jiran kakar zaɓe. Ka rubuta wa biyar daga cikinsu kafin ƙarshen mako. Ka sa wa kanka cewa kada abokin hulɗa ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarka, duk abin da ya shigo kuma ka ware wani abu har ka tara albashin wata uku a asusu daban wanda ba ya taɓuwa.